Minti Arba'in Ina Ɗaukar Bango

Ku yaran nan da kuke cika min benci da la'asar, kullum maganarku ɗaya ce: wai ɗaukar bidiyon biki ya tashi daga sana'a, tunda kowa na da waya a aljihu. Jiya ma wani a cikinku, mai askin nan kamar an fara an fasa, ya ce shi zai ɗauki auren yayarsa da wayarsa, ya ɗora waƙa, kafin a wanke tukwane ya tura wa kowa. To madalla, ban ce ba zai iya ba. Amma tunda kun tambaye ni yadda ake zaɓen mai bidiyo, bari in ba ku labarin matar da ta fi kowa iya zaɓe a duk waɗanda suka taɓa shigowa shagon nan, da kuma ɓarnar da na yi mata da hannuna.

Ni asalinmu Kano ne, amma ina ɗan shekara huɗu babanmu ya kawo mu unguwar Gwange, yana sayar da tabarmi da igiya a nan Kasuwar Kwastam. Ina jin Kanuri, amma na kasuwa: gaisuwa, ciniki, sai zagi. Ku riƙe wannan a ranku, domin zai dawo.

Aiki kuwa a hannun Alhaji Mamman na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ban taɓa kyamara ba, fitila nake riƙewa, irin mai zafin nan da in ka matsa kusa da amarya kwalliyarta za ta narke. Hannu a sama har kafaɗa ta mutu, in ka ɗan sauke ya taka maka ƙafa ba tare da ya cire ido daga kyamara ba. Kyamarar kanta a kafaɗa ake ɗora ta, kaset ɗinta ya kai girman bulo. Abu uku ya dasa min a kai. Kada fuskar amarya ta yi duhu. Kada ka ɗauki mutum yana kai loma baki, ba zai yafe maka ba. Na uku kuma wajen tacewa ne, kuma shi ya fi nanatawa: "Sabo, duk inda ba a motsi, ba a magana, yanke shi. Ba wanda ya kira ka don ya zauna yana kallon iska." Abin da ya rage bayan an yanke, sai a danne shi da waƙa daga farko har ƙarshe. Haka kowa yake yi a garin nan, kuma haka mutane suke so.

Da rikici ya zo, sana'ar ta koma wani abu daban. Wushe-wushe, kiɗan daren biki da aka saba yi bayan isha'i, aka dawo da shi bayan azahar saboda dokar hana fita, makaɗa suna kiɗa suna sharce gumi suna kallon rana. An hana babur, sai napep, kuma babu direban da yake son fasinja mai baƙar jaka da wayoyi na leƙowa. A kowane shinge sai ka buɗe, ka kunna, ka nuna abin da ke ciki. Da na gaji, sai na jefar da jakar na koma zuba kayan aikina a farar leda da ake ganin cikinta, kamar mai cefane. Abokan sana'a da yawa sun koma kyamara mai kati, ni ina nan da mai ƙaramin kaset, su kuma kaset ɗin sun daina zuwa saboda hanyar Kano ta zama abin da ta zama. Guda takwas suka rage min. In na gama aiki na zuba a kwamfuta, na tace, na buga faifai, sai in goge na kwamfutar don ba ta da wuri, in mayar da kaset ɗin layi a sake ɗauka a kansa.

A irin wannan lokacin ne matar ta bayyana. Tun kafin ta iso wurina labarinta ya riga ta, domin mu huɗu ne masu bidiyo a layin nan a lokacin, kuma ta shiga wajen ukun. Maƙwabcina tela ne ya leƙo ya ce, "Sabo, ga wata can tana zagaya ku. In an sa mata faifai sai ta juya wa talabijin baya."

Na ce, "Baya kuma? Makauniya ce?"

"Ina! Ta fi ka gani. Ta hango zare ya fita a rigar da na rataye tun daga bakin layi."

Ni mutum ne mai son sanin abu, wannan ciwona ne tun ina yaro. Na ajiye abin da nake yi na zauna jiranta. Doguwa ce, ta manyanta, ta naɗe lafaya mai ruwan ƙasa da ta sha wanki. Ta ce sunanta Ya Fanna, 'yar ƙanenta Yagana za a aurar, kuma su ba 'yan gari ba ne. Daga wani ƙauye suka taso a gefen tafki, suna zaune a gidan wani ɗan uwa a unguwar Abbaganaram. Hausarta tana fita da nauyin Kanuri, a hankali, ba ta ɓata kalma.

"Ɗana, nuna min aikinka."

Kun san abin da ya faru? An ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Faifayen da nake taƙama da su, masu furanni na yawo a gefe da sunan amarya na juyi, ba halin in sa ko ɗaya. Don kada ta tafi, sai na ɗauko kyamara na sa kaset ɗin wani biki da na ɗauka shekaranjiya, ɗanye, ban taɓa shi ba. Na buɗe mata ɗan allon kyamarar, na miƙa mata abin saurare na kunne, ina ta ba da haƙuri cewa ba a gyara ba tukuna.

Ko kallon allon ba ta yi ba. Ta sa abin a kunne ta rufe ido. Ina zaune ina kallonta, tela yana leƙe ta taga. Can sai na ga gefen bakinta ya motsa.

"Wata tana faɗa a kan ludayi," in ji ta.

Na ce, "Za a cire wannan, Ya Fanna. In na ɗora waƙa ba za a ji ba."

Ta buɗe ido. "Su ma haka suka ce, shi ya sa na fito. Kai nake so. Amma ba waƙa, ko guda."

Na tambaye ta dalili, ta ce in na zo zan gani. Ta tafi ta bar ni da tela muna ta lissafe-lissafe. Shi ya ce ƙila masu tsananin addini ne. Ni na ce wanda ba ya son waƙa ai ba zai kira mai bidiyo ba tun farko. Kwana shida abin yana cina, kuma kada ku ɗauka gwanintata ce ta sa aka zaɓe ni, rashin wuta ne.

Ranar wankin kan amarya na isa Abbaganaram da hantsi da farar ledata. Gidan ya cika da mata, wasu daga sansani aka kwaso su, wasu daga gidajen 'yan uwa a unguwanni daban-daban, duk mutanen ƙauye ɗaya. Na san namiji ba ya shiga wurin wankin kai, don haka na kafa kyamara a zaure ina jiran a fito da amarya. Sai ga Ya Fanna ta zo ta ce in biyo ta. Ta zagaya da ni wani ɗan lungu tsakanin gidan da na maƙwabta, ta nuna min bangon ƙasa ta ce, "Suna bayan nan. Abin maganarka zai kai?"

Sai a lokacin na fara gane inda aka dosa. Ina da makirufo mai doguwar waya, taku ashirin. Na miƙa mata kan, ta zura ta wata kafar ruwa a gindin bango, ta shiga ta ja shi daga ciki. Na ce ta ɗora shi a kan matashi, kada ya taɓa ƙasa ko bakin roba, kuma kada ruwa ya fantsama masa. Na sa abin kunne, ba abin da nake ji sai janaretan wani mai markaɗe a bayan layi. Na je na roƙe shi da girman Allah ya kashe na awa ɗaya, ya ce ga mata nan sun yi layi, na saya masa goro na zauna na yi masa bayanin da ni kaina ban gama ganewa ba, har ya kashe. Na dawo na sa sabon batir, na sa kaset ɗin da ya fi lafiya a cikin takwas ɗin. Kyamara ba ta ɗaukar murya sai tana ɗaukar hoto, ni kuma ba abin da ke gabana sai bango. Na saita shi tsaf, na danna.

Minti arba'in ina ɗaukar bango. Ƙadangare ya hau ya sauka, inuwa ta matsa, wata akuya ta zo ta leƙa ta wuce. A kunnena kuwa ruwa na zuba a roba, sai muryar wata tsohuwa, kakar amarya, wadda suke kira Kaka Bintu. Murya ce siririya amma ba ta rawa. Ba waƙa take yi ba, ba kuma addu'a ba, wani abu ne a tsakani, cikin Kanurin da ya fi ƙarfin na kasuwa. Ina tsintar sunaye: Ba wane, Ya wance. In ta kira suna, wani lokaci sai wata mace ta amsa daga cikin taro, sauran su yi guɗa kaɗan. Wani lokaci kuma ba mai amsawa, sai a yi tsit, tsit mai tsawo, har in duba ko waya ce ta cire. Sannan tsohuwar ta ci gaba. Na ce a raina, tsufa ne, tana mantuwa tana tunowa.

Da na zauna tacewa, na cika alkawari, ban sa waƙa ko ɗaya ba. Bangon ma na bar shi, duk da raina bai so ba, don sunana zai fito a ƙarshen faifan. Amma wuraren da aka yi shiru, hannuna da kansa ya yi aikin da aka koya masa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsince, na haɗa bakin magana da bakin magana yadda ko ɗinkin ba za ka ji ba. Minti arba'in suka dawo ashirin da biyu. Wallahi har daɗi na ji, na ce na rufa wa tsohuwa asiri, ba wanda zai san ta yi ta mantuwa. Na buga faifai, na goge na kwamfuta, na aika musu.

Bayan kwana uku sai ga Ya Fanna da faifan a hannu. Ba ta zauna ba.

"Ɗana, ina sauran?"

Na ce, "Ba kalmar da na cire, Ya Fanna. Ko tari ban cire ba. Inda aka yi shiru kawai na rage."

Ta jawo benci ta zauna, wannan bencin da kuke kai. Ta yi min bayani yadda ake yi wa yaro. A ƙauyensu, in an gama wanke wa amarya kai, tsofaffi sukan zagaya da ita gida-gida ta yi sallama, daga gidan da ke bakin hanya har na ƙarshe a gaɓar ruwa. A kowace ƙofa a kira sunan mai gidan, matan gidan su fito su amsa, su sa mata albarka. Yanzu babu ƙauyen, an ƙone shi, mutanensa sun watse. Shi ne Kaka Bintu ta ce ba za a kai jikarta ɗaki ba sallama ba, za ta zagaya da ita da baki tana wanke mata kai. Ita kaɗai ta rage da ta san jerin gidajen ba tsallake. Inda akwai wadda ta tsira daga gidan, ta amsa. Inda babu, tsohuwar ta tsaya ta jira.

Na ce, "Jiran me, tunda ta san ba kowa?"

"Ba ta sani ba. Mu ma ba mu sani ba. Tana ba su daidai lokacin da mutum zai taso daga ƙuryar ɗaki ya iso ƙofa. Kai kuma ka sa ta wuce gidajen mutane da gudu, kamar ba ta damu a fito ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a sana'ar nan, har da ranar da na ɗauki ɗaurin aure da murfi a kan kyamara. Na tashi na zazzage ledar kaset. Na san wanda na sa, akwai ɗigon jan fenti a gefensa, kuma na san abin da na yi da shi jiya da safe: bikin suna na ɗauka a kansa a Gwange. Na sa shi a kyamara, na mayar da shi farko. Ga rago, ga mahauci, ga maza suna raba goro. Na tura gaba, na tura gaba. Allah ya taimake ni sunan na talaka ne, ba a daɗe ba. Bayan kwata na awa hoton ya yi tsalle, sai ga bangona da ƙadangarensa.

Muka zauna da ita muka ƙirga. Daga gida na goma zuwa bakin ruwa komai na nan yadda aka yi shi. Gida tara na farko kuwa sai abin da na tace, kuma a cikinsu huɗu ba a amsa ba. Na ce mata kada ta damu, shiru ai ba wuya, a kwamfuta zan ƙera shi in saka, tsawon da take so. Na yi mata gwaji nan take. Ta sa abin kunne ta rufe ido, ko ƙiftawa biyar ba a yi ba ta cire.

"Wannan ba jira ba ne. Kashewa ka yi."

Ta miƙo min ta ce in saurari na gaskiyan. Na saurara, a karo na farko da kunnen mutum ba na mai tacewa ba. Ashe cike yake. Ruwa na ɗiga daga gashin amarya cikin roba. Awarwaro ya motsa, an riƙe shi. Mata wajen hamsin suna numfashi a hankali. A wani wurin wata ta buɗe baki za ta amsa wa maƙwabtanta, ta fara, sai ta fasa. Shekara ashirin ina sana'a, irin wannan nake zubarwa a kwandon shara ban taɓa tsayawa na ji ba.

Na ce to in kwafo shirun wani gida daga gaba in liƙa a nan, ba mai ganewa. Ta ce kowane gida da nasa, ba a ara. "Bar huɗun nan yadda ka yanke su, a san an yanke." Haka na buga sabon faifai, wannan karon na ajiye kwafi, kuma kaset mai jan fenti bai sake komawa layi ba.

To kai mai auren yaya, ga amsar tambayarka. In za ka zaɓi mai bidiyo, kada ka tsaya kan faifan da ya yi wa ado. Ka ce ya ba ka ɗanyen, ka ji abin da ya ɗauko, sannan ka tambaye shi me yake zubarwa da kuma wa yake tambaya kafin ya zubar. In ya ce ai shi ya san aikinsa, ka yi masa sallama. Ni ma na san aikina a lokacin.

Shekaru sun wuce, gari ya ɗan lafa, Kaka Bintu ta rasu, Yagana har ta yi 'ya'ya biyu. Wata ranar Talata da hantsi sai ga Ya Fanna, ta ƙara tsufa, tare da wani mutum siriri mai furfura a gemu, ko da yake da gani bai kai arba'in ba. Ta ce sunansa Bukar, ɗan ƙauyensu ne. Tsallaken tafki ya faɗa lokacin gudu, duk shekarun nan yana wata ƙasa yana kamun kifi, ba wanda ya san yana raye sai watan jiya. Faifansu ya karce, tana so in sa masa nawa ya ji.

Na kunna kwamfuta, bango ya fito. Na ƙara murya don su ji tare. Bukar ya zauna a bakin benci, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon ƙadangare. Gida na farko aka amsa. Na biyu aka amsa. Na uku aka amsa, har ya yi murmushi don ya gane muryar. Ya Fanna ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Na gaba nasu ne. Gidan Ba Kyari mai jirgi."

Ni kuwa na san gida na huɗu. Shi ne na farko da na yanke. Tsohuwar za ta kira sunan ubansa, kafin ya ja numfashi ta wuce ƙofar gaba. Na ɗora yatsa a kan madanni ina jira. Muryar ta fito, siririya, ta kira Ba Kyari. Tana rufe baki na danna, komai ya tsaya.

Shagon ya yi tsit. Tela ma ya ɗaga ƙafa daga keke. Bukar ya kalli Ya Fanna, domin a al'ada mata ne ke amsawa, kuma har yau ba a ji labarin uwarsa da ƙannensa ba. Ta gyaɗa masa kai. Ya daɗe, ya fi lokacin da mutum zai taso daga ƙuryar ɗaki ya iso ƙofa, ni kuwa ban motsa yatsana ba. Can ya gyara murya ya yi magana da Kanuri, kuma wannan ko na kasuwa ya ishe ni in gane.

"Muna nan, Kaka. Allah ya kai ta ɗakinta lafiya."

Ya Fanna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Sannan na danna, Kaka Bintu ta wuce gida na biyar.